Layin Hawan Jinin Baba

Safwana ce ta rubuta manhajar kwamfuta mai zana awon hawan jinin mahaifinta, Alhaji Badaru. Kullum layin gangarawa yake yi, har Baba ya koma cin gishiri.

Ran Juma'a ta lura awon yana ƙaruwa, layin kuwa yana sauka. Da ta bincika, ashe allon kwamfuta daga sama yake fara ƙirga, ita kuma ba ta juya lissafin ba.

Ta same shi a ƙofar gida yana cin tsire da abokansa na Zongo.

"Ga likitata! 'Yar jami'a, gaya musu na warke."

Ta sunkuyar da kai, ta janye tsiren daga gabansa.

"Baba, zanen a kife yake."