Masu Rufe Rijiya

A layin ma'aikatan mai kowa addu'arsa ɗaya ce: Allah ya ɗaga farashin gangar mai. Kowa ban da Inna, tsohuwar da ciwo ya kwantar a ɗakin ƙurya. Ita roƙonta kullum farashin ya faɗi.

Matar Auta, wato matar ɗanta, ita ke jinyarta, ita ke ajiye mata rediyo kusa da matashi kowace safiya. Da an ce ɗanyen mai ya ƙara tsada sai Inna ta ja tsaki ta juya wa bango fuska.

"Haba Inna, a nan fa muke ci," in ji matar Auta.

"Ke dai ki ci. Ni ɗana nake son gani."

Tsohuwar ba rikicewa ta yi ba, ta san kamfanin nan ciki da bai. Mijinta ya yi masa aiki tun zamanin da shugabannin kamfanoni ke rufe ƙofa su yanke farashi su kaɗai, har zuwa lokacin da gwamnatoci suka ce su ma sai an ji bakinsu. A duk shekarun nan abu ɗaya ta lura da shi: in mai ya yi tsada, ana soke hutu, maza su ɓace a rijiyoyi, in ya faɗi, sai ka ga miji a bakin ƙofa da jakarsa. Yanzu ga Auta can a tsakiyar teku, mai na tsada, hutunsa sai ɗagawa ake yi. Ita kuwa ƙafafunta sun kumbura, numfashi na yi mata wuya. Matar Auta tsoro take ji ƙwarai kada tsohuwar ta tafi ba su gana ba.

Sai kuwa farashin ya faɗi, mummunar faɗuwa. Kafin a ce haka kamfani ya fara sallamar ma'aikata. Layi ya yi tsit kamar gidan makoki, amma Inna har da tashi zaune. "A share wa Auta ɗaki," ta ce, "a shanya katifarsa."

Mai walda na gidan gaba ya dawo. Direban tanka ya dawo. Kowace rana mota na sauke wani a bakin layi, matar Auta ta leƙa, ta koma jiki a sanyaye. Da ta gaji sai ta tsallaka ta tambayi mai walda.

Ya sunkuyar da kai. "Ai rijiya ba famfo ba ce da za ka murɗa ka yi tafiyarka. Sai an danne ta da laka mai nauyi, a zuba siminti, ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin hannu ake riƙewa su yi wannan, mijinki kuwa shi ne babbansu. Shi zai fito ƙarshe."

Matar Auta ta dawo ta kwashe bayanin ta faɗa wa Inna. Mijin Inna magatakarda ne, a ofis ya ƙare aikinsa, irinsu ake fara kora. Ba ta taɓa sanin akwai waɗanda faɗuwar farashi ke ɗaurewa ba.

"Ashe na roƙa wa 'ya'yan mutane zaman banza, nawa bai zo ba," ta ce. "Kira min matan layin nan."

Suka cika ɗakin, ta nemi gafararsu ɗaya ɗaya. Matar direba tana share hawaye ta ce, "Inna, in addu'arki ce ke juya kasuwar duniya, ai da tuni mun kawo miki namu koke-koken." Aka yi 'yar dariya, har da ita.

Inna ba ta kai ƙarshen mako ba. Ranar jana'iza layin cike yake da maza, abin da ba a taɓa gani ba a ranar aiki. Mai walda da direba da sauran waɗanda aka sallama su suka ɗauke ta a kafaɗa, suna karɓar juna har maƙabarta.

Auta ya kira da la'asar ɗin ranar, layin waya na yankewa, ƙarar injina a bayansa. Muryarsa cike da murna.

"Mun rufe ta ƙarshe! Ki ce wa Inna gobe ina tafe."

Matar Auta ta zauna a bakin gadon da aka naɗe wa shimfiɗa, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Kana zaune ne ko kana tsaye?" ta ce. "Nemi wuri ka zauna tukuna."