Yarinya Ta Goma Sha Huɗu

Najaha ta shekara tara tana koyar da ƙananan yara a wata lakwal ta Matameye kafin ta koma jami'a a Damagaram, karatun digiri na biyu kan tarbiyya da girman yara. Shekarar farko sun yi ta a aji, su goma sha ɗaya. A ta biyu kowa ya koma garinsu domin bincike, aka bar ta da ordinatarta, wato kwamfuta, da malamin da ke duba aikinta, wanda sai ya yi sati uku bai amsa saƙo ba.

Abin da ta zaɓa shi ne yaran da uwayensu mata suka tafi neman abinci Aljeriya suka bar su hannun kakanni. A gida ba ta da wanda za ta yi wa zancen. Mijinta Hashimu direba ne, rabin wata yana kan hanyar Agadas. Abokan aikinta kuwa tsokana suke yi, suna kiranta Dakta, in ta fara ba su labarin binciken sai hira ta karkata wani wuri.

Kowace Asabar takan hau kabu-kabu zuwa ƙauyukan Kurni da takardar tambayoyinta. A can ta haɗu da Iya Baiwa, tsohuwa mai riƙon jikarta Amatullahi, 'yar shekara huɗu. Tsohuwar ta ce yarinyar mai surutu ce a da, har sai an ce ta yi shiru, amma tun ranar da uwarta ta hau mota, wata bakwai ke nan, ba wanda ya sake jin muryarta. An yi rubutun sha, an kai ta asibiti, an ce kunne da harshe lafiya lau.

Tambayoyin ba su wuce na awa ɗaya ba, amma Najaha ta dawo Asabar ta gaba, da wadda ta biyo bayanta. Ba ta matsa wa yarinyar. Takan zauna a tabarma ƙarƙashin itacen bedi, ta jera marafan kwalba da karan dawa tana gina gida, tana magana ita kaɗai: ga ɗaki, ga rumbu, ga akuya. Amatullahi na leƙe daga bayan turmi. A sati na biyar ta matso ta ɗauki marfi ɗaya. A na tara, da Najaha ta ajiye akuyar cikin ɗaki da gangan, yarinyar ta ɗauke ta, ta ce a hankali, “Waje.”

Iya Baiwa ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa tana hamdala. Najaha ta dawo gida tana jin kamar ta tashi sama. Ta kira Hashimu, wayarsa ba ta shiga. Ta rubuta wa malaminta. Sannan ta ɗora tukunya, ta ci abincinta ita kaɗai.

Bayan sati uku ta je ta tarar da tsohuwar a ƙofar gida, ba kowa kusa da ita. Uwar ta aiko a kai mata 'yarta, wata maƙwabciya da za ta koma Aljeriya ta tafi da ita ranar Laraba. Iya Baiwa ta ce ta roƙi a jira Malama ta zo su yi sallama, aka ce mota ba ta jira.

Najaha ta gama rubutun a damina. Ƙa'ida ta hana a faɗi sunan yaro, don haka Amatullahi ta zama yarinya ta goma sha huɗu, shafi ɗaya da rabi. Ranar da ta kare aikin gaban malamai uku, ɗaya ya ce wannan shafin ya fi kama da labari, ba bincike ba, wani kuma ya ce shafin nan ne kaɗai ya karanta sau biyu. Suka ba ta sakamako mai kyau. Sauran ɗalibai danginsu sun cika farfajiya ana ta hotuna. Ita ta roƙi wata da ba ta sani ba ta ɗauke ta guda ɗaya, ta wuce tasha.

Asabar ta je ta gaya wa Iya Baiwa. Tsohuwar ta sa mata albarka, sannan ta tambaya.

“To 'yata, manyan da suka karanta, za su sa a dawo mini da ita?”

“A'a, Iya. Ba su da wannan ikon.”

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta tura mata ƙwaryar gyaɗa. Suka zauna suna ɓara har aka kira la'asar.