Zumar Bana Ba ta Ɗorawa Ba Ce

Ɗigon zumar ya nutse har gindin kofin, ya kwanta a dunƙule bai watse ba. Yaya ta ɗaga kofin saitin taga, ta girgiza, ta ƙara girgizawa.

"Ta ci wannan," in ji ta. "Saura ashana."

Dogo, ƙaninta, yana tsaye bakin ƙofa da galan a hannu. "Sai ka ce kin kama ɓarawo a kasuwa."

"Ɓarawon kasuwa ai yana kallon mutum a ido. Kai tun da ka shigo ƙasa kake kallo."

Ta tsoma kan ashana a zumar, ta ƙyasta. Wuta ta kama. Ba ruwa, ba sukari. Yaya ta taɓe baki kamar an ƙwace mata wani abu.

Dogo ya san ba nan gwajin yake ba. Gwajin yana kwance a kan gado, ɓarin jiki a shanye shekara biyu, ido a rufe, kunne a buɗe. Shekara arba'in Baba yana rataye amya a ɗorawoyi bakwai na gonarsa. Tun da ya kwanta, abu ɗaya yake tambaya duk bazara: zumar farko. Bara an kawo masa ta ɗorawa. Bana babu ɗorawa. Da likita ya rubuta sabbin allurai, Dogo ya kira masu gawayi. Itatuwan suka zama buhuna, buhunan suka zama allurai. Amyoyin ya kwaso su a ɓoye, ya rataye a darbejiyoyin bayan gari. Ko Yaya bai gaya wa ba.

"Kun gama shari'ar?" in ji Baba. "Ku ba ni in ji."

Yaya ta tallafo kansa. Dogo ya cika cokali taf, wai ko zaƙin ya rufe sauran.

"Rage. Ba yunwa nake ji ba."

Ya rage. Baba ya fara shinshinawa, ya daɗe. Sannan ya lasa, ya riƙe a harshe, maƙogwaronsa bai motsa ba.

"Hannunka ne," ya ce. "Har yau hayaƙinka yana yawa. Na sha gaya maka, ƙudan zuma lallashinsu ake yi, ba kora ba."

Dogo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Za a gyara, Baba."

"Ta nuna kuma. Ba ka yi gaggawar yanka ba."

"To alhamdulillahi," in ji Yaya, tana shirin ɗauke kofin.

"Ɗaga min ita a haske," in ji Baba.

Dogo ya ɗaga cokalin. Zumar ta zubo siririya, fara-fara. Ta ɗorawa ja ce, mai nauyi, sai ta yi wa cokali gardama kafin ta sauka.

Sai a lokacin Baba ya haɗiye. Ya jira. Dogo ya san abin da yake jira: ɗan ɗacin nan da ke zuwa daga baya, can ƙarshen harshe.

"Darbejiya," in ji Baba.

"Ƙudan ne, Baba. Suna yawo."

"Suna yawo. Amma ba sa tsallake furen ɗorawa a bisa kansu su tafi neman ɗaci. Daga gonata zuwa darbejiyar farko, ko jaki sai ya huta sau biyu."

Yaya ta ajiye kofin a hankali. "Dogo. Me ka yi?"

Idon Dogo ya faɗa kan taga. Kwalin alluran yana kan tagar, kusa da kofin. Baba ya juya ido ya kalli kwalin, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da ido rufi.

"Ɗorawa guda nawa suka rage?"

Bakin Dogo ya riga shi. "Ɗaya."

"Ta bakin rafi?"

"Ita."

"Ita ce babata ta shuka." Baba ya sauke numfashi, fuskarsa ta ɗan saki. "To. Mayar da amya ɗaya can. Baɗi ka kawo min in lasa."

"To, Baba."

Ya rufe galan ɗin, ya murɗa marfin har ya ci masa yatsa. Ta bakin rafin ce masu gawayi suka fara kayarwa, don ta fi kauri. Yaya ta biyo shi da ido har tsakar gida, ashanar tana hannunta.