Dokar da Direba Ya Bari

Duk Asabar da yamma Tela kan ture keken ɗinkinsa gefe, ya shimfiɗa takarda mai gida-gida a kan teburin yanka. Wasan jarumai suke yi, kowa da ɗan mutum-mutuminsa. Ƙanwarsa ce ke ba da labari tana yanke hukunci, shi ya sa ake kiranta Alƙaliya. Shekara shida su uku ne, su da babban wansu, Direba. Wata biyu ke nan da rasuwar Direba, amma jaruminsa, maharbin katako mai karyayyen hanci, yana nan kan takardar. Tela ya hana a ɗauke shi.

Inda labarin ya tsaya, maharbin na kwance da rauni a kan gada, dodo na nufo shi, saura zagaye biyu ya iso. Wasan kuwa ba ya san ido, jarumin da ya mutu ya fita ke nan har abada.

Tela ya ƙirga. Gida goma ne tsakanin maharbin da jaruminsa mai sulke da garkuwa. Tafiya gida shida ce a zagaye, gudu goma sha biyu.

"Gudu zan yi," in ji shi.

"Ka tabbata, Yaya?"

Ina, zuciya ta riga ta tafi. Ya tura ɗan jarumin, ya ɗaga yatsa a gida na goma. Alƙaliya ta sa hannu a hankali ta ƙara matsar da shi gida biyu, ya wuce maharbin.

Sai a lokacin ya tuna. Direba ne da kansa ya ƙara dokar: mai gudu da kaya sai ya cinye gidajensa duka, zagaye na gaba kuma na birki ne, ba juyawa. Yakan ce babbar mota ba ta tsayawa inda ka taka birki, sai inda nauyinta ya ga dama. Da Tela ya taka shida, sannan huɗu, da ya iso da garkuwa a kan lokaci. Sauri ya haifi nawa.

"Auta, mu soke ta yau kaɗai."

Ta juyo masa da littafin dokokin, ta miƙa masa biro. "Soke da hannunka. Ni ba zan iya ba."

Rubutun Direba ne, karkatacce, har da tabon baƙin mai inda babban yatsansa ya danna. Tela ya riƙe biron. In ya soke, ya goge maganar wansa. In ya bari, maharbin ya tafi. Ya ajiye biron.

Alƙaliya ta matsar da dodo, ta jefa ɗan ludo, tana share ido da bakin mayafi. Tela ya ɗauki maharbin ya sa a gwangwanin maɓallai.

Asabar ta gaba bai ture keken ba.