Hannun Rigar Malam Ɗalha

Kun gani, kuka kau da kai. Ranar da gawar farko ta tashi zaune a kan makara ta ciji mai ɗaukarta, cewa kuka yi aikin aljanu ne, kuka koma kasuwa. To, ku saurara.

Wata uku da ɓarkewar annobar, mutanen Kabara suka toshe lungunansu da buhunan ƙasa, suka bar ƙofa ɗaya. Doka ɗaya ce: duk mai shigowa ya nuna hannuwansa har kafaɗa. Wanda aka ciza da safe, faratansa kan yi shuɗi kafin azahar, kafin magariba ya daina gane 'ya'yansa, ya hau su da cizo. Bahijja, da ta yi karatun jinya, ita ke dubawa. Isyaku bakanike ke riƙe da sakata.

Da hantsi Malam Ɗalha ya dawo daga Ƙofar Mata. Marini ne, aminin marigayi mahaifin Bahijja, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da ɗakin mahaifiyarta. Shekara arba'in hannunsa na cikin ruwan baba, ya rine har gwiwar hannu.

Isyaku ya rusuna. "Barka da dawowa, Baba." Ya kama sakata.

"Dakata," in ji Bahijja. "Baba, a naɗe hannun riga."

"Ke!" Isyaku ya zaro ido. "Dattijo za ki tuɓe a bainar jama'a? Bokon naki abin da ya koya miki ke nan?"

Malam Ɗalha ya yi dariya. "Ƙyale ta, likitar Kabara ce. 'Yata, wannan shuɗin ya girme ki." Ya ciro goro ya miƙa wa Isyaku.

Da hagu ya miƙa.

Bahijja ta lura. Mutumin da ya taɓa dungure mata kai tana ƙarama don ta karɓi alawa da hagu! Kuma wane marini ne ke zuwa rini a karofi da babbar riga a wannan zafin? Faratan ba za su gaya mata komai ba, kullum shuɗi ne.

"Baba, ina hannun daman?"

"Sanyin ƙashi ne. Lafiya lau nake."

Isyaku ya zare sakata. Bahijja ta tuna katangar nan da ko akuya ke tsallakewa, ta tuna mahaifiyarta da ba ta iya gudu. Ta sha gaban dattijon, ta kama hannun rigar ta ɗage. Tsumma ne ɗaure a damtse, jini ya jiƙa shi. Ƙarƙashinsa sawun haƙora.

Malam Ɗalha ya sunkuyar da kai. "So na yi in cika a ɗakina," ya ce a hankali. Ya gyara rigarsa, ya juya ya koma ta inda ya fito.

Mahaifiyar Bahijja ta kwana lafiya, unguwa ma haka. Washegari dattawa suka ce yarinyar ba ta da kunya, suka cire ta daga ƙofa. Yanzu Isyaku ke dubawa, kuma duk mai furfura wucewa yake da "Barka da dawowa, Baba."

Kai da ke karanta wannan, kana cikin waɗanda suka yi shiru da aka kore ta. Tashi yau ka je ƙofar nan, ka ce a mayar da Bahijja. Ka fara naɗe hannun rigarka, sannan ka naɗe na mahaifinka.