Rana ta Uku a Bakin Kogi

Glenys Marwick ta lura da wani wuri sumul a lakar bakin kogin, kamar an ja buhu zuwa cikin ruwa. Ta ɗauke kai. Rana ta soma karkata, kuma hasken da take so ba ya wuce minti goma.

Shekara talatin tana shirya fim, lambobin yabonta sun cika kabad a Melbourne, kuma kowa a sana'ar ya san dokarta: da zarar an kunna kyamara, ko tari ba a yi sai ta cire hularta. Wannan ne fim ɗinta na takwas, kuma kamar sauran, jarumarsa ita ce Dulcie Hanrahan, ƙawarta tun suna kwana ɗaki ɗaya a jami'a.

Kawu Lionel, dattijon yankin da ke lura musu da kogin, ya sha gabanta.

"'Yata, yau kwana uku kina tsayar da baiwar Allahn nan a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Kada ba wawa ba ne. Yana riƙe lokacin da mutum yake zuwa."

"Kawu, in na canja wuri, hasken ba zai zo ɗaya da na jiya ba. Sau ɗaya zan ɗauka."

"Shi kadan kin yi masa wannan bayanin?"

Dulcie ta tuntsire da dariya tana tattare riga. "Rabu da shi, Kawu, naman jikina ya tsufa, ba zai taunu ba. Ke kuma uwar mugunta, in na mutu a rubuta sunana da manyan baƙaƙe."

Glenys ta yi murmushi. Ba ta ambaci abin da ta gani a laka ba. Ta ma roƙi Kawu ya matsa can bayan bishiyoyi, don inuwarsa na shiga hoto.

Dulcie ta shiga ruwa har gwiwa, ta ba kogin baya, ta fara magana da ɗanta da ya nutse a cikin labarin. Ba ta taɓa yin wasa mai kyau haka ba. Muryarta ta karye daidai inda ake so.

Sai Glenys ta ga wasu ƙullutai biyu a kan ruwa, cikin ƙaramin allon da ke gabanta, bayan kafaɗar Dulcie. Itace ne, ta gaya wa kanta. Amma itace ruwa yake bi, wannan kuwa yankan ruwan yake yi, a hankali. Mai kyamara ya ɗago ya dube ta, idonsa a waje. Saura jimla uku Dulcie ta gama. Hannun Glenys ya kai bakin hular, ya tsaya. Saura biyu.

"Fito! Fito, 'yar nan!"

Kawu Lionel ne, a guje, yana dukan ruwa da sanda. Dulcie ta zabura, ta faɗi, ta rarrafo kan laka. Wurin da ta tsaya ya tashi da kumfa, wata baƙar wutsiya ta juya ta ɓace.

Aka lulluɓe Dulcie da tawul, aka miƙa mata kofin shayi. Ta ƙaƙaro dariya.

"To, uwar mugunta, ya ɗauku? Nuna min, kar wahalata ta tashi a banza."

"Gobe, Dulcie. Ki huta."

"Yanzu."

Mai kyamara ya mayar da hoton baya ba tare da ya kalli kowa ba. Dulcie ta sunkuya kan allon. Ta ga idanun kada sun ɓullo a bayanta. Ta ga kanta tana ta magana, jimla bayan jimla, hoton bai ko girgiza ba, ba wanda ya tsayar da ɗauka.

Dulcie ta ajiye kofin a kan akwatin kyamara, ta ninke tawul ɗin ta ɗora a gefensa. Ta bi hanyar da motoci suke, ba takalmi, rigarta na ɗigar ruwa.