Idon Aro

A Doka, in gardamar fim ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wajen Jatau ake kai ta. Abin mamakin shi ne Jatau bai ga ko tafin hannunsa ba tun da ciwon suga ya cinye masa ido. Da can direban tarakta ne a manyan gonakin dawa na bayan gari, kuma tun yana saurayi, in an sallami ma'aikata, ba ya zamewa ko'ina sai birnin Gadarif, ya shiga silima da ƙurar gona a gashinsa. Ido ya tafi, tarakta ta koma hannun wani, amma son fim ya ce shi yana nan daram.

Matarsa Ummusalama ita ce idonsa. In ta ce, “Ɗaga ƙafa,” ya ɗaga. In ta ce shayi na hannun dama, can zai miƙa hannu. In ta ce rigar da ya sa fara ce, to fara ce, ko da duniya za ta taru ta ce shuɗiya. Bai taɓa ce mata “kin tabbata?” ba, don mutumin da ba shi da ido sai na wani, ran da ya fara wannan tambaya ya shiga uku. Da wannan idon kuma yake kallon fim. Bayan azahar, lokacin da rana ke korar kowa daga titi, sai su zauna a rumfar tsakar gida, ta jingina waya a jikin tulu. Haitham mai shagon waya ne ke zuba musu sababbin finafinai, na Indiya da na Turawa, masu rubutun Larabci a ƙasa. Ita tana karantawa tana faɗa masa da Hausa, har da wanda ya shigo da irin kallon da aka yi masa. Shi kuma kunnensa na kan kiɗa, da ƙarar ƙofa, da numfashin mutane.

Da la'asar sai ya ɗauki sandarsa ya nufi wajen Raliya mai shayi, bakin tasha, inda direbobi da ma'aikatan gona ke zama. A nan yake baje kolinsa, kuma gaskiya bakinsa na da gishiri.

“Bature,” yakan ce, “ba ya ɓata maka lokaci. Ya kama labari, ya kai shi inda za shi, ya sallame ka kafin shayinka ya huce. Kuma ya san darajar shiru. Sai ka ji an yi tsit, sai takun mutum a kan katako, gabanka ya faɗi. Amma ya jama'a, mutanen nan ba su gaisawa. Yaro ya shigo wa ubansa babu sallama, ya buɗe firji ya ci a tsaye. Kuma yanzu duk fim sai an ce duniya za ta tashi, wani mai rigar ƙarfe ya zo ya tare. Baɗi kuma ta sake tashi, ya sake tarewa. Wace irin duniya ce wannan da ba ta zama wuri guda?”

A yi dariya, wani ya ce, “To na Hindi fa, Ammu Jatau?”

“Ɗan Hindi ya lalace da hayaniya. Da, waƙa kan fito daga cikin labari kamar gumi daga jiki. Yanzu cusa ta ake yi. Mutum ɗaya ya doki kasuwa guda, ni ina nan ina jin ƙasusuwa suna karyewa kamar karan dawa, har in gaji in yi gyangyaɗi in farka bai gama ba. Kiɗan kuma ba ya barinka ka ji tausayi da kanka, sai ya kama ka da wuya ya ce yi kuka. Amma duk da haka na yafe musu, saboda abu ɗaya: ba su yar da zumunci ba. Komai nisan da ɗa ya yi, sai ya dawo gaban uwarsa. Wannan Bature bai iya ba.”

A kan wannan maganar ya tsaya shekara da shekaru, kuma ba a taɓa samun wanda ya ja da shi ba. Shi a ganinsa hujjarsa ce ta fi ƙarfinsu.

Sai kakar riɗi ta zo, garin ya cika da baƙin ma'aikata. Cikinsu akwai wani Harisu, magidanci, wanda yaƙi ya koro daga birnin Madani ya zo neman aikin yankan riɗi. Ba shi da rashin kunya, sai dai bai san garin ba, kuma yana da irin bakin nan da ba ya iya ganin kuskure ya wuce.

Ranar Jatau na ba da labarin wani sabon fim ɗin Indiya da suka gama jiya. Labarin 'ya'yan wani mai jiragen kamun kifi ne, wa da ƙane. Ƙanen ya bi 'yan fasa-ƙwauri, wan ya riƙe sana'ar uba. “A ƙarshe,” in ji Jatau, “ga su a bakin teku, ƙanen da bindiga a hannu. Sai uwar ta fito. Da ya ga fuskarta sai ya ɗaga bindigar sama ya harba, ya jefa ta ruwa, ya faɗi a ƙafafunta. Kukan da tsohuwar nan ta yi, wallahi har yanzu yana kunnena. Kukan daɗi. Wannan ƙarshen shi ya wanke duk haukan da suka yi a baya.”

“La, ya Hajj,” in ji Harisu. “Ba haka aka yi ba.”

Jatau ya ji cokalin Raliya ya daina zagaya kofi. Ya ji Yahya, amininsa tun suna kan tarakta ɗaya, ya yi wani tari da ba na mura ba.

“Ƙanen ai wansa ya harbe,” Harisu ya ci gaba. “A ƙirji. Ya cinna wa jiragen wuta, ya wuce uwar ko kallonta bai yi ba. Filim ɗin kullu jini ne, daga farko har ƙarshe. Ni abin da ya burge ni ma ke nan, ba su yi mana ƙaryar da suka saba ba. Na Hindi na yanzu ai sun fi na khawaja, Turawan nan, zubar da jini.”

Sai Jatau ya ji wani abu da mai ido ba zai kula da shi ba. Ƙafa ta tashi da sauri za ta taka ƙafar Harisu, ta kuskure, ta bugi ƙafar teburin ƙarfe. Kofuna suka yi ƙara. Daga ɓangaren Yahya ƙafar ta fito.

“Wani filim ɗin kake nufi, ya zol, bawan Allah,” Yahya ya ce da sauri. “Suna kama da juna.”

“Shi ne dai. Ga shi a talafon ɗina, wanda aka juya da Larabci. Ya ji da kunnensa.”

“Akwai wanda aka juya da Larabci?” Jatau ya tambaya a hankali. Haitham ya sha gaya masa sababbin ba sa zuwa da murya, sai rubutu.

“Ko'ina akwai. A shagon nan na tasha na ɗauka.”

Jatau ya miƙa hannu. Ba wanda ya hana, don ba wanda ya san yadda zai hana. Harisu ya kai fim ɗin ƙarshe ya sa masa wayar a tafin hannu. Ga kiɗan da ya sani, ga ƙarar teku. Ga muryar wan yana cewa da Larabci ƙarara, “Ni ɗan'uwanka ne.” Ga harbin. Ga kukan tsohuwar, shi dai wanda ya ji jiya, sai dai yau yana jin abin da take faɗa a cikinsa: tana kiran sunan ɗanta tana cewa ya tashi.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne jiya ma kunnensa ya gaya masa. Da ya ji kukan sai da ya ce, “Salama, wannan kamar na mutuwa.” Ta ce a'a, na murna ne, haka matan can suke yi. Ya ƙaryata kunnensa, abu ɗaya da ya rage masa, ya gaskata ta.

Ya mayar wa Harisu wayarsa. “Yahya.”

“Na'am.”

“Tun yaushe?”

Yahya ya yi ta jan carbi kafin ya ce, “An daɗe. Ummusalama ce ta zo ta roƙe mu, ni da Haitham da Raliya. Ta ce duk abin da ka faɗa mu bar shi a haka. Sauran kuma suka bi. Don Allah, Jatau, ba da mugun nufi ba ne.”

“Fim ɗin Baturen nan fa, tsohon direban da 'yarsa ta dawo ta ɗauke shi daga gidan gajiyayyu?”

Yahya ya ci gaba da jan carbinsa.

“Ba ta dawo ba ke nan,” in ji Jatau.

“Shi kaɗai ya mutu,” Raliya ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ashe duk yammacin da ya zauna yana yanke hukunci, yana cewa wannan ya iya wancan bai iya ba, manyan mutane masu gemu suna zaune suna gyaɗa kai suna kallon juna ta saman kansa. Dariyar da yake ɗauka ta daɗin zancensa ce, yanzu bai san ta mece ce ba. An mai da shi yaron da ake bari ya ci wasa don kada ya yi kuka. Ya tashi. Yahya ya kama masa hannu, ya fizge, ya bi hanya da sandarsa yana cin karo da abubuwan da ya san wurinsu sarai.

Ummusalama na tsintar wake a tsakar gida. Daga yadda ya turo ƙofa ta gane.

“Abu Faisal, lafiya?”

“Wa ya harbi wa a bakin teku?”

Ya ji ta ajiye faifan. Ba ta yi musu ba, kuma wannan ma ya ba shi haushi, don ya zo da shirin faɗa.

“Ka tuna watan da muka dawo daga wurin likita a Gadarif?” ta ce. “Ka juya fuska ga bango, ba ka ci, ba ka magana. Na sa mana filim don ka ji motsin mutane. Aka zo ƙarshe, jarumin ya mutu. Na dube ka, na ga in na faɗa maka haka, kai ma bin sa za ka yi. Sai na ce ya tashi. Ka ce, ‘Alhamdu lillahi,’ ka ce in kawo maka tuwon asida. Ranar ka fara cin abinci.”

“Wannan rana ɗaya ce. Sauran fa?”

“Sauran kuma na kasa dainawa. Na yanzu duk haka suke, Abu Faisal. Na Hindi ɗa ya kashe uba, na khawaja kowa ya mutu shi kaɗai. Ka fita ka dawo kana murna, mutane na sauraronka. In ce maka me?”

“Ki ce mini abin da ke gabanki. Shi kaɗai na roƙe ki.” Ya jingina sandarsa a bango. “Ni ban ce duniya ta yi mini daɗi ba. Na yi noma a shekarar da fara ta cinye komai, na binne uwata da ubana, na rasa idona. Mutuwar wani ɗan Hindi a cikin talafon ce za ta kashe ni? Ke kika yanke cewa ba zan iya ɗauka ba, kika je kika gaya wa gari. Kowa ya sani sai ni.”

Ta fara kuka, ba da ƙarfi ba. Ya saurara, sai ya tsinci kansa yana auna kukan, yana tambayar kansa irin wanne ne. Wannan ya tsorata shi fiye da komai.

“Me kuma kika gyara mini?” ya ce. “Riɗin da ɗanmu Faisal ya shuka, da kika ce ya yi kyau? Jikinki, da kika ce kumburin ƙafar ya sauka?”

“Wallahil azim, filim ne kawai. Ban taɓa yi maka ƙarya a kan wani abu ba.”

Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Jatau ma a ransa ya fi zaton gaskiya ce. Amma da wannan muryar ta ce masa kukan murna ne, ba ta ko yi gargada ba, kuma ba shi da wata hanyar da zai bi ya duba.

Kwanaki suka wuce. Bai koma wajen Raliya ba. Yahya ya zo sallama har ya gaji, Jatau ya ce a ce yana barci. Bayan azahar Ummusalama takan jingina wayar a jikin tulu kamar da, ta ce yau za ta faɗa masa komai yadda yake, ko ta karɓo masa mai muryar Larabci ya ji da kansa. Sai ya ce ta bari, kansa na ciwo. Ba ya yi mata faɗa. Yana cin abin da ta dafa, yana yi mata sannu. Sai dai in ta ce shayi na hannun dama, yakan laluba a hankali da bayan yatsu kafin ya ɗauka, kuma tana gani.

Wata la'asar yana zaune a bakin ɗaki, ta fito daga madafa da sauri tana kwashe shanya.

“Abu Faisal, shiga ciki, an fara yayyafi.”

Ya ji ta sarai. Ya ji ƙamshin ƙasa ma, ya ji iska ta juya. Amma bai motsa ba. Ya miƙa hannu waje, tafin a sama, ya jira. Ummusalama ta tsaya cak da kaya a rungume tana kallon hannun. Sai da ɗigo ya faɗo masa a tafi, na biyu ya biyo, sannan ya jawo sandarsa ya tashi ya shiga.